Shekarar da Muka Koɗa Tsakar Gida

Jidda, 'yata, idan kin yi wayo za ki ji danginmu suna ba da wani labari a kaina, kuma da dariya za su ba da shi. Za su ce saura wata guda bikina na tara matan unguwa na sa suka fasa sabon daɓen gidan kakanki a unguwar Takur da ke garin Dutse. Kawunki, Yaya Mustafa, zai ƙara da cewa boko ne ya hau min kai. Ba ƙarya suke yi ba, sai dai rabin labarin suka riƙe. Shi ya sa na ga gara in rubuta miki nawa tun ina tuna muryar kowa.

Ni tun ina ƙarama duk abin da yake sheƙi yana ɗauke min hankali. A bayan tsohuwar unguwarmu akwai wani falalen dutse da yara suka yi shekara da shekaru suna zamowa a kansa, har ya yi sulɓi kamar an shafa masa mai. Ƙawayena suna hawa don su zamo. Ni kuwa nakan zauna a gefe bayan an ɗauke ruwan sama, in yi ta kallon gajimare yana wucewa a jikin dutsen har Umma ta aiko a kira ni. Da na girma na shiga jami'a a Kafin Hausa ina karanta kimiyya, amma bayan kowane littafina cike yake da baitocin da ban taɓa nuna wa kowa ba.

A shekarata ta ƙarshe aka sa ranar aurena da babanki. Yaya Mustafa, da yake aiki a Kano, ya ce gudummawarsa ita ce ya daɓe tsakar gidanmu da siminti, don kada baƙi su zauna a kan rairayi. Ya ce tunda bikina ne, ni zan faɗa wa magini irin wanda nake so. Na je na tsaya a kan dattijon nan yana kwaɓa siminti, na ce masa ja nake so, kuma ina so in leƙa in ga fuskata a ciki.

"Amarya, tsakar gida ce fa," in ji shi. "Nan ake wanke-wanke, nan ake alwala. Da kin bari na ja masa tsintsiya tun yana ɗanye."

"Baba, don Allah a goge shi sumul."

Ya dube ni, ya dubi simintinsa. Ya barbaɗa jan gari, ya yi ta bi da ƙarfen shafe har daɓen ya fara ɗaukar ido. Da ya bushe muka bi shi da tsumma. Da yamma sai ki ga bishiyar darbejiyarmu a tsaye a cikinsa kanta a ƙasa, tattabaru suna giftawa ta ƙarƙashin ƙafarki. Kwana huɗu na yi ina zagaya gidan ba takalmi, ina jin kamar a saman ruwa nake tafiya.

Yanzu bari in gaya miki wace ce Iya, wadda kika ci sunanta. Ita ta haifi Baba Malam, mahaifina. Daga Taura aka ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu, ta zo da akwati ɗaya da dutsen niƙanta, don ta ce garin inji warin ƙarfe yake yi. Baba Malam ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi. "Mai gidan nan" take ce masa. Shi ma in ya fito daga zauren da yake koyar da karatu ya zo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa. Duk abin da ke cikin ran Iya, ta bakina yake isa wurinsa, don ni ce abokiyar wasanta. Tana ce min Mai Kallon Sama, ni kuma ina ce mata Amarya.

Ran kwana na biyar Iya ta yi alwalar La'asar a bakin rariya, ta zura silifas ɗinta a jiƙe, ta juyo. Taku uku ta yi. Ina tsaye ina kallo ƙafarta ta tafi gaba ta bar ta, butar ta yi gefe, ita kuma ta zauna daɓas a kan ƙugunta. Aka kai ta asibiti, aka ce babu karaya, buguwa ce kawai. Cikin mako guda ciwon ya tafi, amma Iya ba ta ƙara taka tsakar gidan ba. A ɗaki ake kai mata ruwa da kwano ta yi alwala. In za ta kewaya sai ni da Umma mun riƙe ta hagu da dama, tana jan ƙafa, idonta a rufe. Umma ta shimfiɗa mata tabarmar roba daga ƙofa zuwa rariya, tabarmar ma ta zame da Umman.

Wata safiya ina taje mata kai ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Ki faɗa wa mai gidan nan ya aika wa ƙaninsa. Ya zo ya mayar da ni Taura."

"Amarya, ki tafi ki bar min bikina?"

"Ƙasar gidan nan ba ta son ƙafata. Ni kuwa ban saba a kai ni makewayi kamar jaririya ba."

Da na kai saƙon, Baba Malam ya daɗe yana jan carbi. Ya ce faɗuwa ƙaddara ce, kuma ba zai riƙe ta inda hankalinta bai kwanta ba. Aka yi waya da ƙanin nasa, Baffa Garba, ya ce zai zo da mota ran Asabar ta sama. Babu wanda ya ce laifina ne. Wannan shirun ya fi min zafi, don kowa ya san wadda ta tsaya a kan magini.

Ran Litinin na koma Kafin Hausa. Ran Talata muka shiga ɗakin gwaji. Malamarmu ta ajiye wani katako mai tsawo, ta ɗora masa ɗan guntun itace, ta fara ɗaga gefe ɗaya a hankali har guntun ya zame. Sai ta shimfiɗa gilashi a kan katakon. Ko ɗagawar kirki ba ta yi ba ya sulale. Ta cire gilashin ta manna takardar yashi irin ta kafintoci. Ta ɗaga, ta ƙara ɗagawa, guntun nan yana maƙale kamar an ɗaure shi. Maimaici ne na darasin da muka yi tun shekarar farko, gogayya tsakanin abu da abin da yake tafiya a kansa. A wancan lokacin na haddace lissafin na ci jarrabawa, hankalina yana wajen taga.

"Kowane abu yana da tudu da kwari, ko da ido bai gani ba," in ji ta. "In kin taka ƙasa, baya kike tura ta. Ƙananan tuddan nan su suke kama tafin ƙafarki su hana shi tafiya, shi ya sa ke kike yin gaba. In an goge su, kuma ruwa ya shiga tsakani ya cike sauran, me ƙafar za ta kama?"

Jidda, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Duk ajin suka juyo. Malamar ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, kakata ce. Suka fashe da dariya, ni ma ina yi. Washegari na nemi izini na hau motar Dutse. A hanya duk abin da na kalla sai in ga shi sabo. Na ga tsagin da ke jikin tayar babur, da kaushin igiyar da aka ɗaure buhuna da ita, da dattijon da ya tofa yawu a tafinsa kafin ya kama ƙotar fartanya. Ashe duniya gaba ɗaya a riƙe take da juna, ni kuwa na shekara ashirin da uku ina kallon sheƙinta kawai. Abu ɗaya ne ban sani ba: yadda ake mayar wa simintin da ya riga ya bushe kaushinsa.

Na tarar da Iya a ƙofar ɗakinta daga ciki, an jawo mata dutsen niƙa, tana son ta niƙa geron da za ta yi guzuri. Ta ɗan gurza sau biyu sai ta yi tsaki. Ta share geron, ta laluba cikin akwatinta ta fito da wani dunƙulallen farin dutse kamar ƙwallon goruba. Ta fara sarar fuskar dutsen niƙan da shi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a jere, kowane sara yana barin ɗan farin tabo.

"Iya, me kike yi?"

"Ke da karatunki ba ki san makoɗi ba? Koɗa shi nake. Dutse in ya daɗe yana aiki sai ya yi sulɓi, hatsi ya dinga gudu a kansa ba ya niƙuwa. Sai an yi masa haƙora."

Na saki jakata a ƙasa. Na durƙusa na shafa inda ta sara, na shafa inda ba ta kai ba, sannan na kama fuskarta da hannu biyu.

"Amarya, abin da malamarmu ta faɗa jiya ke nan, kalma da kalma."

"To ta zo in koya mata sauran. Sakar min kunci, hannunki duk ƙura."

A bakin zaure akwai murafe biyu na siminti da maginin ya zuba don rufe kwata, ya yi musu irin shafen da ya yi wa tsakar gida. Ni da Umma muka ciccibo su. Na roƙi Iya ta koɗa min ɗaya. Ta ce ita ba ta taɓa jin an koɗa ƙasa ba, amma ta karɓa, don hannunta ba ya iya ganin abu mai sulɓi ya ƙyale.

Ran Alhamis babu karatu a zaure, kuma a ranar Yaya Mustafa yake dawowa daga Kano. Bayan La'asar na shimfiɗa wa Baba Malam buzunsa a inuwar darbejiya, na ce ina roƙon ya ba ni aron idonsa kaɗan. Iya tana daga cikin ɗaki, labule a ɗage rabi. Na kwantar da murfin mai sheƙi, na ɗora silifas ɗin Iya, wanda ta faɗi da shi, na sa dutse a ciki a madadin nauyin ƙafa. Na tsiyaya ruwan buta. Na ɗaga gefe ɗaya Umma ta tura bulo a ƙarƙashi. Takalmin ya ɗan motsa. Da aka ƙara na biyu sai ya sulale har ƙasa, ya kife.

"Haka ya yi min," muka ji daga bayan labule.

Na jawo wanda aka koɗa. Takalmi ɗaya, dutse ɗaya, ruwan buta ɗaya. Bulo na farko, shiru. Na biyu, shiru. Umma ta fara dariya tun kafin ta tura na uku. Da aka sa na huɗu Baba Malam ya ajiye carbinsa ya matso, ya karɓi butar daga hannuna ya ƙara ruwa da kansa. Ruwan ya bi ta cikin ƙananan ramukan ya gangare, takalmin yana nan inda yake.

"Ikon Allah," in ji shi a hankali. "Sabon allo ma in ya cika sulɓi, alƙalami ba ya zama a kansa."

Na ce abin da nake roƙo shi ne a bar mu mu koɗa hanya daga ƙofar Iya zuwa rariya da makewayi. Yaya Mustafa ya miƙe.

"Wato a ɗauki dutse a bi daɓen da ko wata bai yi ba? Ke kika ce kina so ki ga fuskarki. Na sa an yi miki. Yanzu kuma dangin miji su zo su tarar da shi kamar wanda ya yi ƙyanda?"

Ban ga laifinsa ba. Shi ya fara yi wa gidanmu abin da za a nuna, kuma don ni ya yi. Baba Malam ya dube shi, ya dube ni.

"Saboda bikinki aka yi shi, Nafisa. Ke za ki faɗa."

Rana ta yi sanyi, daɓen ya yi jajir, darbejiya tana kwance a cikinsa. Na riga na zaɓi inda zan zauna ranar kamu, na ga yadda lallen ƙafata zai fito sau biyu a hoto, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ba zan ɓoye miki ba, sai da na ƙara kallon sheƙin nan sau ɗaya. Sannan na je na karɓi makoɗin daga hannun Iya, na durƙusa a daidai inda ta faɗi, na sara. Ɗan farin tabo ya fito a tsakiyar jan. Yaya ya juya ya fita.

Makoɗi ɗaya ba zai yi ba. Da sassafen Juma'a ni da ƙawayena biyu muka je gindin duwatsu muka tsinto masu tauri cike da kwando. Kafin hantsi labari ya zaga unguwa, matan maƙwabta suka shigo, wasu don su taya, wasu don su ga abin da za su ba da labari. Muka ja layi biyu da gawayi, muka jeru a durƙushe. Iya ta sa aka ajiye mata kujera 'yar tsugunno a dokin ƙofa, carbi a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, tana nuni.

"Kada ku zurfafa, ba rijiya na ce ku haƙa ba. In ya yi zurfi zai ci ƙafa, ya tara datti. Ke mai jan ɗankwali, matso da saranki kusa da juna, kin bar fili kamar gonar malalaci."

Da farko kowa saransa daban. Can sai hannuwan suka haɗu, ƙarar ta zama ɗaya, har wata ta fara yi mana amshi da baki. Iya ta ce rabon da ta ji irin wannan tun suna 'yan mata, lokacin da ake taruwa a yi wa amarya daɓen tsakuwa ana yayyafa ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa. Ta ce nasu daɓen ba ya kayar da kowa. Jan gari ya rufe mana gira, tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, ban ji ba sai da na taɓa ruwa. Duk bayan ɗan lokaci sai in tashi in zuba buta in gwada da ƙafata, matan su yi shewa in ta tsaya.

Bayan an sauko daga masallaci sai ga Yaya Mustafa da guduma. Bai kalli kowa ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya zaɓi wuri, ya ɗaga ya maka. Wani ɓallin siminti kamar faifai ya yi tsalle.

"Mijin nawa," in ji Iya, "an ce a yi wa ƙasa haƙora, kai kuma ka zo kana cire mata."

Matan suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, ya ajiye gudumar ya miƙo hannu na ba shi dutse. Ramin nan yana nan har yau kusa da rariya, shi ne wanda kike cikawa da tsakuwa.

Ran Asabar da hantsi muka kai ƙarshen layi. Muna wanke garin ke nan Baffa Garba ya yi sallama. Akwatin Iya yana ɗaure tun daren jiya, don ba ta ce ta fasa ba, ni kuma na ji tsoron tambaya. Aka gaisa. Baffa ya dubi tsakar gida ya ce me ya sami daɓe? Baba Malam yana tsaye a bakin zaure, ya ba mu baya kamar mai duba wani abu a waje.

"Mai Kallon Sama, miƙo min buta."

Na miƙa mata. Ta tsiyaye ta kaf a gaban ƙofarta, ta jiƙa silifas ɗinta, ta zura. Na kai hannu zan riƙe ta, ta buge shi da sanda, sannan ta jingine sandar a bango. Ta sa ƙafar dama ta murza, kamar yadda take murza gari tsakanin yatsu ta ji ko ya yi laushi. Ta sa ta hagu. Ina ƙirgawa a zuci. Saura taku uku ta kai rariya, daidai inda ta faɗi, ta ɗan tsaya. Sai ta wuce. Taku goma sha huɗu ta isa rariya, ta juyo, ta dawo da sauri fiye da yadda ta tafi, zaninta yana kaɗawa.

Umma ta rangaɗa guɗa. Na ga kafaɗun Baba Malam sun sauka, ya sa hannun riga ya goge fuska, bai juyo ba.

"Garba," in ji Iya, "ka sha ruwa ka huta, ka gaishe min da mutanen gida. Ku faɗa wa mai gidan nan a kwance min akwati." Ta nuna wani wuri da yatsan ƙafa. "Nan kuma wata ta yi ha'inci. A ba ni makoɗina."

An yi bikina a kan daɓen nan, da farar hanyarsa mai tabo-tabo ta ratsa tsakiya. A kowane hoto tana nan. Wata gwaggon babanki ta tambaya da ƙarfi ko maginin ne bai gama aiki ba, na sunkuyar da kai cikin mayafi, kuma gaskiya na ɗan yi hawaye. Amma Iya ce ta fito daga ɗakinta da ƙafarta, ba mai riƙe ta, ta kama hannuna ta kai ni gaban Baba Malam ya yi min addu'a.

Watannin baya na kai ki Takur kina rarrafe. Kika yi ta ƙoƙarin miƙewa a kan jan wurin mai sheƙi, ƙafafunki suna bajewa, kina zama. Sai kika rarrafa kika hau hanyar, kika dafa ƙasa, kika tashi tsaye kina rawa kamar ɗan tsako. Na yunƙura zan tare ki. Iya ta sa sanda ta tare ni.

"Ƙyale min takwara," ta ce. "Ta riga ki sanin inda ƙasa take da haƙora."